Yadda Ake Bin Diddigin Sunan Unguwa a Zongon Ankara

Yaron mota yana ƙwala kiran "Kawukudi, Kawukudi", mutane na ta hawa, kuma da yawansu ba su taɓa tsayawa sun ji cewa Hausa ce tsantsa ake kira musu ba: kawo kuɗi. Haka Tudu, haka Fadama, haka kasuwar Malata wadda asalinta Malam Atta. Waɗannan sunaye shaida ce ta zaman Hausawa da sauran Musulmi a wannan gari na Ankara, wato Accra babban birnin Ghana, shaidar da gobara ba ta ci, ruwa bai tafi da ita ba. Amma tsofaffin da suka san dalilin kowane suna suna ta ƙarewa, allunan gwamnati kuma suna zuwa da rubutun da ya sha bamban da abin da baki ke faɗa. Ga yadda ake tattara tarihin sunayen unguwa guda a rubuta shi ta hanyar da gobe wani ba zai ƙaryata ba.

Abin da za ka tanada

Kada ka ce za ka ɗauki Ankara duka. Zaɓi unguwa ɗaya, ko ma ɓangare ɗaya nata, ka tsayar da sunaye 15 zuwa 20. Sunan unguwar kanta guda ne kawai a ciki. Sauran su ne lunguna, masallatai, makarantun allo, famfon da mata ke layi, mahauta, tashar mota, da majalisun samari da ake kira bes. Ƙananan sunayen nan su ne ke fara ɓacewa, domin babu wata takardar gwamnati da ta san da zamansu.

Kayan aiki ba su da yawa: waya mai ɗaukar murya da batir cike, littafi mai kauri, biro biyu, da goro. Awa ɗaya ta murya ba ta cika wuce megabait 60 ba, saboda haka gigabait 2 sun ishe ka aikin wata guda. Ka rufe layin waya kafin ka danna ɗauka, domin a wayoyi da dama kira na shigowa ɗaukar ke yankewa, ba za ka gane ba sai ka koma gida.

Kowane suna ka ba shi shafinsa. A saman shafi ka rubuta sunan yadda mazauna ke faɗarsa. Ƙarƙashinsa sunan da masu ƙasa, wato mutanen Ga, ke kiran wurin. Sannan yadda yake a allo ko a takardar gwamnati. Wannan jeri na uku shi ne ƙashin bayan aikin duka, domin kusan kowane wuri a zongo bakuna uku ke kiransa, kuma ba safai suke haɗuwa ba. Madina misali ce a fili: mu muna cewa Madina, tsohon sunan yankin a bakin mutanen La, wani ɓangare na Ga, shi ne Nkwantanang, gwamnati kuma ta haɗa biyun ta kira gundumar La Nkwantanang-Madina. Wanda ya rubuta ɗaya ya bar sauran ya rubuta sulusin labari ne.

Kunne kafin alƙalami

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara da rubutun allo, ya je yana tambayar tsofaffi ma'anarsa. Rubutun allo na wani akawu ne da ya ji suna da kunnen Turanci ko na yaren Twi. Fara da murya. Ka sa mai ba ka labari ya faɗi sunan sau uku shi kaɗai, sannan ya sa shi cikin magana, kamar "za ni wuri kaza" ko "an haife ni a wuri kaza". A cikin magana ne tsawon wasali da karin sauti ke fitowa yadda suke, kuma su ne ke raba kalmomin da boko ke rubutawa iri ɗaya.

Ka kuma san halin Hausar nan ƙasar. A bakin yawancin 'yan zongo ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b, bambancin namiji da mace kuma ya yi rauni ƙwarai. Shi ya sa kuɗi ya zama kudi, har kawo kuɗi ya dunƙule ya zama Kawukudi. Idan suna ya gagare ka, gwada mayar masa da ƙugiyoyinsa, ka raba shi gida biyu, ka ji ko wata kalma za ta fito. Amma a shafinka ka bar sunan yadda ake faɗarsa a nan. Kada ka gyara shi ya koma Kananci, domin yadda ya lanƙwashe a bakin 'yan Ghana shi ma tarihi ne. Ita kanta kalmar zongo haka take: zango ce, inda ayarin fatake ke sauke kaya su kwana, ta zo nan ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi ko wace ƙabila ce su.

Wanda za ka tambaya

A fara da fada. Je ka gaida Sarkin Zongo ko mai unguwa, da limamin babban masallacin wurin, ka faɗi abin da ya kawo ka tun kafin ka fito da waya. "Ranka ya daɗe, sunayen unguwar nan muke so mu rubuta saboda 'yan baya" ta wadatar. Goro goma ko ashirin a ganye gaisuwa ce mai kyau. Ƙwarya guda, wato ɗari, sai in taron dattawa aka tara maka. Kada ka sa kuɗi a gaba tun farko, domin labarin da aka biya yakan yi tsawo fiye da gaskiyarsa.

Sai dai fada tana da labarinta na fada, wanda kullum ke nuna gidan sarauta ne ya fara sara. Ba ƙarya ba ce dole, amma baki ɗaya ne. Ga kowane suna ka nemi aƙalla mutum uku daga gidaje uku da ba su haɗa kaka ba, ka gan su ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su wuri guda, babban cikinsu zai yi magana, sauran su ce "haka ne", ka tashi da shaida ɗaya kana zaton uku ce.

Lallai cikin ukun a samu mace. Hajiyar da ta shekara arba'in tana sayar da koko ko waakye, wato shinkafa da wake, a bakin lungu ta san sunan kowane gida da wanda ya fara haya a cikinsa, tsohuwar ungozoma kuma ta shiga ɗakunan da sarki bai taɓa leƙawa ba. In kai namiji ne, ka tafi da 'yar'uwarka ko ka nemi izinin maigida a zauna a tsakar gida. Haka kuma kada ka tsaya kan Hausawa kaɗai. Zabarmawa, Fulani, Yarbawa, Mosawa, Dagombawa, Kotokoli da Wangarawa duk sun sara nasu, sunaye irin su Zabarma Line a nan Ankara da Moshie Zongo a Kumasi suna faɗa da bakinsu.

Hantsi ya fi kowane lokaci, bayan an karya kumallo kafin azahar. Juma'a ba ranar wannan aiki ba ce. A watannin Mayu da Yuni ruwa kan rufin kwano yana cinye murya gaba ɗaya, fanka ma haka, saboda haka ka roƙi a kashe ta ko ku koma zaure. Ajiye wayar kamar taƙi biyu daga bakin mai magana, a kan tsumma, ba a kan tebur tsirara ba. Minti 40 sun isa zama ɗaya. Tsoho in ya gaji yakan fara ba ka amsar da zai sallame ka da ita.

Yadda ka yi tambaya shi ke yanke abin da za ka samu. Kada ka ce "Baba, ashe Nima daga ni'ima take?" Zai ce e, don ladabi ko don daɗin maganar. Ka ce "Baba, da kuna yara yaya ake kiran nan?" sannan "wa kuka ji ya faɗi haka?" Tambaya ta biyun ita ce mai tsada. Wanda ya ce daga kakarsa ya ji, da wanda ya ce a rediyo ya ji bara, ba a ajiye maganarsu a ma'auni ɗaya.

Gane harshen da suna ya fito

Kafin ka ce suna na Hausa ne ko na Larabci, cire shi daga harsunan masu ƙasa tukuna. Akwai 'yan alamu da ke rage wahala. A yaren Ga, "maŋ" gari ne, shi ne ke ƙarshen Ashaiman, Dansoman, Darkuman da Amasaman, kuma abin da ke gabansa galibi sunan mutum ne. Ƙarshen "shie" na nufin ƙarƙashin abu: Kaneshie ƙarƙashin fitila ce, saboda kasuwar dare da ta ci a wurin. A Twi, yaren waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, "ase" ke yin wannan aiki, shi ya sa Kumase, wato Kumasi, ke nufin gindin itacen kum, Odumase gindin odum, daidai da yadda Bahaushe zai ce Gindin Kuka. "Krom" gari ne a Twi, "kope" ƙauye ne a yaren Ewe. Ankara da muke faɗa ita ma daga Nkran ta Twi take, ba ta da wata alaƙa da babban birnin Turkiyya.

Sunayen Hausa kuwa sun fi bin yanayin ƙasa da sana'a. Tudu tudu ne, Fadama wuri ne mai danshi a bakin kogin Odaw da tafkin Korle, Ruga ta wajen unguwar Kanda tana tuna shanun Fulani. Irin wannan suna ana gwada shi da ƙafa: je ka tsaya a wurin, ka ga ko ƙasar ta yarda da sunan. In ba ta yarda ba, to wataƙila sunan ƙaura ya yi tare da mutanensa, kamar yadda aka samu Sabuwar Fadama, inda gidan Babban Limamin Ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu yake, nesa da tsohuwar. Duk inda ka ji "sabo", nemi tsohon. Sabon Zongo, wanda Malam Bako ɗan Malam Idrisu Neno ya kafa a farkon shekarun 1910, yana nuna maka hanyar komawa Zongo Lane a tsakiyar gari, inda jama'ar suka taso saboda cunkoso.

Inda addini ya shiga

Nan ne zuciya ke rinjayar bincike, kuma nan ya kamata a fi taka-tsantsan. Akwai sunan da aka raɗa da niyya don neman albarka. Madina, wadda aka kafa a 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, sunan birnin Manzon Allah (SAW) aka ɗauko, babu gardama. Shukura, wadda wasu ke rubutawa Sukura, kunne na jin shukura ta godiya a cikinta. Mallam da Malata suna ɗauke da darajar malanta, har wanda ba Musulmi ba yana kiranta kullum a tasha.

Akwai kuma sunan da baki biyu ke ja. Nima ita ce babbar misali. Musulmi na cewa ni'ima ce, suna danganta kafuwarta da Malam Amadu Futa, Bafulatanin da ya samu filin daga wani gidan mutanen Osu, ɗaya daga garuruwan Ga, a farkon shekarun 1930. Mutanen Ga kuma na cewa "Nii maŋ" ce, garin Nii, laƙabin sarki ko dattijo a yarensu. Kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi ka binne ɗayar. Rubuta su biyun, kowace da wanda ya faɗa da inda ya ji. Yana yiwuwa ƙwarai suna ya samu karɓuwa ne daidai saboda kowane ɓangare ya ji harshensa a ciki, kuma wannan ya fi kowace amsa guda nuna yadda baƙo da mai ƙasa suka zauna.

Ka ba sunayen sauran addinai irin wannan kulawa, domin unguwarmu ba a sarari take ita kaɗai ba. Korle da Sakumo sunayen tafkuna ne, kuma sunayen abin bautar gargajiyar Ga ne, daga na biyun Sakumono ta samu suna. 'Yan mishan na Basel sun riƙa keɓe wa sabbin Kiristoci unguwa suna kiranta Salem, kamar wadda ke Osu, kalmar kuma tushenta ɗaya da salam. Roman Hill a Kumasi daga cocin Katolika da ke kan tudun take. Amma Christiansborg ta Osu, duk da yadda take a kunne, sunan sarkin Denmak ne Christian, kamar yadda Jamestown ke ɗauke da sunan James na gidan sarautar Ingila. Kama da kalmar addini ba hujja ba ce, ko a Larabci ko a Turanci.

Wani lokaci sunan addini zagi ne. Mutanen waje sun laƙaba wa Tsohuwar Fadama "Sodom and Gomorrah", sunan garuruwan mutanen Annabi Luɗu a Baibul, mazauna wurin kuwa ba su yarda da shi ba. Irin wannan ba a sa shi a kan shafi. A rubuta shi a ƙasa, a faɗi su wa ke kiransa da abin da ya sa mazauna suka ƙi shi, domin suna irin wannan yana sauƙaƙa wa mutane yarda a rushe gidajen bayin Allah.

Tsayar da shekara

Tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Ka haddace 'yan turaku ka riƙa ɗaure labari a kansu: girgizar ƙasar Ankara ta 1939, husufin rana na 1947, samun 'yancin kai a 1957 lokacin da Gold Coast ta ɗauki sunan tsohuwar daular Ghana, kifar da Nkrumah a 1966, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, rushe kasuwar Makola a 1979, da yunwar 1983. Sai ka tambaya, "Hajiya, lokacin da aka kori baƙi, ana kiran nan da wannan suna?" Amsa biyu ko uku irin wannan za su matse maka shekarar cikin tazarar goma.

Shekarar 1969 tana da nauyi na musamman. Gidaje da yawa sun canza hannu a lokacin, masu sunan suka tafi, sunan ya saura ko ya mutu. Wanda ke binciken Accra New Town dole ya nemi tsohon sunanta, Lagos Town, in ba haka ba ba zai ga sawun Yarbawan da suka cika ta ba. Sunayen baya-bayan nan kuma suna bin hanyar neman kuɗi: Libya Quarters a Madina da sunayen biranen Amurka da samari ke raɗa wa bes ɗinsu suna gaya maka inda idon kowane zamani ya kalla.

In ka samu shekarar Hijira a jikin masallaci ko a bangon wani kundi, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1350 za ta ba ka 1931 da rabi, wato tsakanin 1931 da 1932. Kada ka ƙara 579 kawai kamar yadda ake yi wa shekarun yanzu, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, kuma a lissafin shekara ɗari kuskuren ya kai shekara uku. Ka lura kuma, shekarar da ke jikin masallaci sau da yawa ta sabunta gini ce, masallacin farko na katako ko na laka ya girme ta nesa.

Takardu

Takardun farko suna cikin akwatunan gida: takardar fili, tsofaffin rasit na haraji, ambulan wasiƙun da aka aiko daga Kano ko Sakkwato da adireshi a bayansu, da bangon Alƙur'ani ko kundi inda malamai ke rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Ɗauki hoto a gaban mai su, a inuwa mai haske, shafi ɗaya hoto ɗaya, ka mayar masa nan take. Kada ka taɓa cewa a ba ka aro. Ajami yana da amfani na musamman a nan, domin yana nuna tsawon wasalin da boko ke ɓoyewa, kuma malamin ya rubuta abin da kunnen Bahaushe ya ji ne.

Takardar fili kuwa wuta ce. Rigimar ƙasa ta yi yawa a Ankara, kuma tambayar "wa ya fara zama nan" tana iya zama shaida a kotu ba da saninka ba. Tun farko ka bayyana cewa suna kake bi, ba iyaka ba. Kada ka sa hoton takardar filin kowa a intanet. Idan za ka ji ta bakin gidan sarautar Ga da ya ba da ƙasar, kuma ya kamata ka ji, tafi da dattijon da suka sani, ka yi magana ta bakin kakakin sarki. Al'adarsu a kai kwalbar giya. Musulmi yakan ba da kuɗi a madadinta, kuma abu ne da aka saba da shi.

Bayan gida sai gidan adana takardun gwamnati, PRAAD, a nan Ankara. Takardun ofishin harkokin 'yan ƙasa na zamanin Turawa suna ƙarƙashin lambar ADM 11, kuma a nan ake samun koke-koken shugabannin Musulmi da rigingimun sarauta da limanci. Nemi kowane suna da rubutu iri-iri, domin Bature ya rubuta Houssa da Haussa, ya kira Musulmi Mohammedan, ya rubuta Kumasi Coomassie. Wanda ya nemi rubutun yau kaɗai zai dawo ya ce babu komai. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960, har da na Alhaji Umaru na Salaga da Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934. Suna da amfani ga duk gidan da ya ce kakansa daga Salaga ya gangaro bayan yaƙin basasar 1892, lokacin da kasuwar goron Gwanja ta watse.

Ajiya da sa suna a taswira

A daren ranar da ka yi hira ka rubuta ta, tun kana tuna abin da hannu ya nuna wanda murya ba ta ɗauka ba. Sa wa kowane fayil kwanan wata da sunan wurin, ka ajiye kwafi uku: a waya, a kwamfuta ko filas, da kuma a intanet. Saƙon murya na WhatsApp ba ma'ajiya ba ce, waya na ɓata ya tafi. A ƙasan kowane shafi ka sa ɗaya daga cikin hukunci uku: tabbatacce, in takarda da baki sun haɗu, mai rinjaye, in gidaje uku sun faɗi abu ɗaya ba takarda, ko mai saɓani. Ka koma ka karanta wa waɗanda suka ba ka labari abin da ka rubuta, ka nemi izininsu kafin sunan kowa ya fita.

Tun da aka ƙaddamar da adireshin GhanaPost GPS a 2017, kowane wuri yana da lambarsa, saboda haka tsaya a bakin lungun ka ɗauki lambar ka rubuta a shafinsa. Ko an rushe ginin, wurin ba zai ɓace ba. A taswirar OpenStreetMap ana iya ƙara sunan Hausa kusa da na gwamnati a gurbin name:ha, ba tare da an goge na kowa ba. Sunan titi a allo kuwa aikin majalisar gunduma ne: Nima tana ƙarƙashin Ayawaso East, Sabon Zongo tana Ablekuma Central. A rubuta takarda ta hannun asambiliman, wato wakilin unguwa a majalisar, da sa hannun sarki da liman da wakilin masu ƙasa, a haɗa da kwafin shafin sunan, a kuma rubuta harafi-harafi yadda ake so ya fito. Ranar da za a buga allon, wani daga cikinku ya je wurin mai fenti ya duba rubutun kafin a kafa ƙarfen.